Layuka 625: Tarihin Hoton Telebijin a Kuala Lumpur da Wahalar Gadonsa

Ran 31 ga watan Oktoba na shekarar 2019 ƙasar Malesiya ta kashe ragowar na'urorinta na watsa telebijin irin na da, bayan sun yi aiki kusan shekara 56. A Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar, an riga an yi haka tun ƙarshen watan Satumba. Galibin masu kallo ba su ga wani abin damuwa a ciki ba, domin sabon tsarin da ya maye gurbin tsohon ya fi shi tsabtar hoto da yawan tashoshi. Amma ga ma'aikatan gidajen adana kayan tarihi da masu tace hotunan bidiyo, wannan rana ta rufe wani zamani ne wanda ya bar musu gado mai nauyi, watau tarin kaset-kaset da aka ɗauka bisa wata dabara ta shekarun 1930, wadda allunan yau ba su san yadda za su nuna ta ba sai an yi musu fassara. Duk wanda ya taɓa zuba tsohon kaset na biki cikin kwamfuta, ya ga gefen fuskar mai tafiya ya tsattsage kamar haƙoran mataji, ya riga ya gamu da wannan gado ko da bai san sunansa ba.

Asalin dabarar

Hoton telebijin ba ya zuwa gaba ɗaya kamar hoton da aka buga a takarda. A cikin tsohon akwati mai doro a baya, wani siririn haske ne yake zana shi layi-layi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, da saurin da ido ba ya iya bi. Masanan farko sun tarar da cewa hotuna 25 cikin sakan ɗaya sun isa su sa ido ya ga motsi, amma ba su isa su hana allo ƙyaftawa ba, abin da ke gajiyar da mai kallo. A gidan silima an daɗe da samun maganin wannan: hotuna 24 ne ke wucewa cikin sakan, amma na'urar majigi tana haska kowanne sau biyu, sai ido ya sami haske sau 48. Telebijin kuwa a wancan lokaci ba shi da inda zai ajiye hoto har ya maimaita shi. Abin da ya iso ta iska, shi ne ake zanawa nan take. Aika cikakkun hotuna 50 cikin sakan kuma yana bukatar ninki biyu na filin zangon rediyo, wanda yake da tsada da ƙaranci.

Mafitar da aka samu ita ce a raba kowane hoto gida biyu. Da farko a zana layukan mara, watau na 1 da na 3 da na 5 har ƙasa, sa'an nan hasken ya koma sama ya cike giɓin da layukan cika, watau na 2 da na 4 da na 6. Kowane rabi yana ɗaukar kashi ɗaya cikin 50 na sakan. Da haka allo yana haskawa sau 50, alhali kuwa abin da aka aika bai wuce nauyin hotuna 25 ba. Wannan shi ne saƙar layuka, domin rabi biyun suna shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Fritz Schröter na kamfanin Telefunken a Jamus ya yi rajistar dabarar a 1930, Randall Ballard na kamfanin RCA a Amurka ya yi tasa a 1932. Gwajin da ya tabbatar da ita a idon duniya ya faru a London, inda BBC ta buɗe tasharta ta Alexandra Palace ran 2 ga Nuwamba 1936, tana amfani da tsari biyu bi da bi: na John Logie Baird mai layi 240 marar saƙa, da na Marconi-EMI mai layi 405 mai saƙa. Kafin watan Fabrairu na 1937 ya ƙare an ajiye na Baird.

Akwai wani abu a nan wanda daga gare shi dukan wahalar baya ta taso. Kyamarar telebijin ba ta ɗaukar hoto guda sa'an nan ta raba shi biyu. Kowane rabi ana ɗaukarsa ne a lokacinsa, na biyu yana bin na farko da kashi ɗaya cikin 50 na sakan. Saboda haka abin da ake kira hoto ɗaya, a haƙiƙa lokuta biyu ne daban da aka saƙa wuri guda. A tsohon akwati wannan bai zama aibi ba, domin kafin a zana rabi na biyu hasken na farko ya fara dushewa, ba su taɓa tsayawa tare a gaban ido ba. Har ma ya zama alheri, tun da motsi 50 cikin sakan ya fi na silima santsi.

Bayan yaƙin duniya na biyu masanan Tarayyar Sobiyet suka tsara ma'aunin layi 625, aka fara watsa shi a Mosko a 1948, ƙasashen Yammacin Turai da yawa kuma suka karɓe shi daga 1950. Kowane rabi yana da layi 312 da rabi, wannan rabin layin kuwa shi ne yake sa zane na biyu ya faɗa daidai tsakanin layukan na farko. An zaɓi 50 ne domin ya dace da wutar lantarkin Turai, wadda take juyawa sau 50 cikin sakan. Amurka da Japan suka bi layi 525 da rabi 60. Ƙasashen da Ingila ta yi wa mulki, irin su Malesiya da Nijeriya da Gana, sun gaji wuta mai juyi 50, don haka hanyarsu ta zama ta layi 625.

Telebijin ya iso Kuala Lumpur

Ranar da ta fi kowace daraja a tarihin ƙasar, watau 31 ga Agusta 1957, lokacin da Tunku Abdul Rahman ya yi shelar mulkin kai a filin wasa na Merdeka, ta riga telebijin zuwa. An ɗauke ta a kan fim, aikin sashen fina-finai na gwamnatin Malaya wanda aka kafa a 1946, wanda daga baya ya zama Filem Negara Malaysia. Fim kuwa jerin cikakkun hotuna ne, ana iya ɗaga shi sama a duba da ido, kuma na'urar zamani tana iya kwafe shi da ƙarin tsabta fiye da yadda mutanen lokacin suka gan shi. Abin mamaki shi ne, hotunan 1957 sun fi na shekara talatin bayansu sauƙin gyara.

Ran 28 ga Disamba 1963, wata uku da 'yan kwanaki bayan haɗuwar Tarayyar Malesiya, Tunku Abdul Rahman ya buɗe gidan telebijin na ƙasar a wani mazauni na wucin gadi a titin Ampang, cikin Kuala Lumpur. A lokacin Ibadan ta yi shekara huɗu da nata, wanda aka buɗe ran 31 ga Oktoba 1959, Kaduna kuma ta sami nata a 1962. An buɗe babban ginin watsa labarai na Angkasapuri a 1968, a 1969 kuma telebijin ya koma can, aka haɗa shi da rediyo ƙarƙashin hukuma ɗaya wadda aka sani da RTM, aka kuma ƙara tasha ta biyu a watan Nuwamba na shekarar. Hoto mai launi ya fara ran 28 ga Disamba 1978, a zamanin Firayim Minista Hussein Onn, bisa tsarin PAL wanda Walter Bruch ya ƙirƙira a Jamus ta Yamma a farkon shekarun 1960. Tashar TV3, ta farko mai zaman kanta, ta fara aiki ran 1 ga Yuni 1984.

Birnin ya kuma zama wata cibiya ta sana'ar watsa labarai a nahiyar Asiya. Ƙungiyar gidajen rediyo da telebijin ta Asiya da yankin Fasifik, wadda aka kafa a 1964, tana da hedkwatarta a can, haka kuma cibiyar horon ma'aikatan watsa labarai ta yankin, wadda aka kafa a 1977. Manyan al'amura da dama sun wuce ta gaban kyamarori a wannan birni: musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da ƙasa da ake yi tun 1961, gasar hoki ta duniya ta 1975, damben Muhammad Ali da Joe Bugner a filin Merdeka ran 1 ga Yuli 1975, nasarar Malesiya a kan Indonesiya a gasar Kofin Thomas ta badminton a 1992, da wasannin ƙasashen Kwamanwel na watan Satumba 1998, waɗanda Nijeriya ba ta halarta ba domin an dakatar da ita daga ƙungiyar tun 1995. Duk abin da kyamarar telebijin ta ɗauka a cikin waɗannan shekaru, a saƙe ta ɗauke shi.

Tace hoto a zamanin kaset

Wahalar tace bidiyo ta girmi kwamfuta. Kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar ɗaukar hoton telebijin a kan tef a 1956, tef mai faɗin inci biyu. Ba a ganin hoto a jikinsa kamar fim. Mai tacewa a shekarun farko sai ya shafa wani ruwa mai garin ƙarfe a kan tef domin sawun maganaɗisu ya bayyana, ya duba da madubin ƙara girma, ya nemo iyakar da ke tsakanin hoto da hoto, sa'an nan ya yanka da reza ya liƙa. In ya kuskure wurin, hoto ya yi tsalle a gidan kowa. Tef ɗin kuma yana da tsada, shi ya sa gidajen telebijin a ko'ina cikin duniya, har da manya na Turai, suka riƙa goge tsofaffin shirye-shirye suna ɗaukar sababbi a kansu.

Zuwan launi ya ƙara wani sharaɗi. A tsarin PAL alamar launi ba ta komowa daidai inda ta fara sai bayan rabi takwas, watau cikakkun hotuna huɗu. Mai tacewa da ke son mahaɗi mai tsabta tilas ya lura da wannan zagaye, in ba haka ba hoto ya ɗan goce gefe ko launi ya yi walƙiya a wurin haɗin. Ma'aikatan wancan zamani sun san waɗannan ƙa'idodi kamar yadda masaƙi ya san zarensa, kuma kullum akwai akwatin gwaji a gabansu mai nuna rabi-rabi bi da bi, yadda duk kuskure zai fito fili kafin a watsa.

Daga nan na'urori suka yi ta ƙanƙancewa. Sony ya fito da kaset na U-matic a 1971, da Betacam a 1982, da Betacam SP a 1986, waɗanda suka zama kayan aikin 'yan jarida. JVC ya fito da VHS a 1976. Ƙananan kyamarori na Video8 sun zo a 1985, Hi8 a 1989, MiniDV kuma a 1995. A daidai shekarun da tattalin arzikin Malesiya yake bunƙasa, kyamara ta fita daga hannun gwamnati ta shiga gidajen jama'a, aka ɗauki ɗaurin aure da bukin Salla da rakiyar alhazai da yaye ɗalibai. Waɗannan kyamarori duka sun bi ƙa'idar layi 625 da rabi 50, domin an yi su ne a kalli abin da suka ɗauka a akwatin falo.

Inda matsalar ta fito

Allon kwamfuta da na wayar hannu da faffaɗan telebijin na bango suna nuna dukan layuka lokaci guda. Idan aka ba su hoto mai saƙa yadda yake, sai lokuta biyun nan su tsaya tare. Abin da ba ya motsi, kamar bango ko mumbari, yana fita lafiya. Abin da ke motsi kuwa sai ya rabu, layukan mara suna nuna shi a wuri ɗaya, na cika suna nuna shi a gaba kaɗan. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna girman abin. Ato Boldon na Tirinidad ya ci tseren mita 100 a Kuala Lumpur a 1998 cikin sakan 9.88, watau tsakanin rabi da rabi jikinsa ya matsa kimanin santimita 20. Ƙwallon badminton da aka doka da gudun kilomita 300 cikin awa yana cin fiye da mita ɗaya da rabi a wannan ɗan taƙi, sai ya fito a wuri biyu cikin hoto guda.

Matsala ta biyu ita ce ta jerin rabi. Lokacin da aka mai da hoton telebijin lambobi, bisa ƙa'idar duniya ta 1982, layukan da ake gani suka zama 576, kowane rabi 288. Amma ba a daidaita a kan wane rabi ne ke fara zuwa ba. A ƙasashen layi 625 galibin na'urorin gidajen telebijin suna fara da rabin sama, kyamarorin DV kuwa suna fara da na ƙasa. In mai tacewa ya haɗa hotuna daga tushe biyu, ko ya gaya wa kwamfuta jerin da ba shi ba, sai lokuta su fito a birkice: na biyu kafin na farko, na huɗu kafin na uku. Mai tafiya sai ya riƙa yin gaba yana ɗan komowa baya sau 25 cikin sakan, hoto ya yi ta karkarwa. Mugun abin shi ne, sau da yawa ba a ganin wannan kuskure a allon kwamfutar da ake aiki da ita, sai shiri ya kai ga mai kallo.

Ta uku ita ce ta sauya girma. Idan aka faɗaɗa ko aka rage hoto mai saƙa kafin a warware shi, kwamfuta tana gauraya layin da ke sama da na ƙasa da shi, alhali kuwa ba lokacinsu ɗaya ba. Haƙoran matajin sai su zama manyan igiyoyi masu lanƙwasa, kuma daga nan babu wata dabara da za ta raba su, kamar yadda ba a raba nono da ruwa bayan an dama. Da yawa daga tsofaffin hotunan da ke yawo a intanet sun lalace ne ta wannan hanya, aka kuma yi ta kwafar lalataccen.

Ta huɗu ita ce ta asara a ɓoye. Hanya mafi sauƙi ta kawar da haƙoran ita ce a zubar da rabi ɗaya. Hoto yana fita sumul, amma layi 576 sun koma 288, kuma daga cikin lokuta 180,000 da kyamara ta kama cikin awa ɗaya an jefar da 90,000. Ga wanda yake nazarin rawar gargajiya, ko motsin leɓen mai karatun Alƙur'ani, ko bugun ɗan wasa, rabin shaidar ke nan ya tafi. Wasu kuma suna narka rabi biyun wuri ɗaya, sai kowane mai motsi ya fito da inuwa biye da shi.

Akwai kuma wani tarko ga wanda ya koyi darasin rabi da rabi. Ba duk abin da ke cikin kaset ne kyamarar telebijin ta ɗauka ba. Fina-finan P. Ramlee, shahararren ɗan wasa da mawaƙi wanda ya koma Kuala Lumpur da aiki a 1964 ya kuma rasu a can a 1973, a kan fim aka yi su. Idan za a nuna fim a telebijin mai rabi 50, ana ɗan ƙara masa gudu daga hoto 24 zuwa 25 cikin sakan, watau kimanin kashi 4 cikin ɗari, sa'an nan a raba kowane hoto biyu. A nan rabi biyun lokacinsu ɗaya ne, abin da ake bukata kawai a mai da su wurinsu. Wanda ya yi musu maganin hoton kyamara ya rage musu kaifi a banza. Shirin labarai guda na shekarun 1970 yana iya ƙunsar iri biyun, mai gabatarwa a ɗakin watsawa da rahoton waje da aka ɗauko a fim. Daɗin daɗawa, ɗigon hoton bidiyo na 720 da 576 ba murabba'i ba ne kamar na kwamfuta, in ba a gyara ba fuskoki su fito a matse.

Neman magani

Warware saƙa aiki ne na cike giɓi, domin a kowane lokaci rabin layukan ne kaɗai aka ɗauka, sauran sai an ƙiyasta. Hanyar da ta fi aminci ita ce a mai da kowane rabi cikakken hoto, a sami hotuna 50 cikin sakan, yadda ba a rasa ko motsi ɗaya ba. Na'urori masu wayo suna duba kowane yanki na hoto: inda babu motsi su aro layukan da suka ɓace daga rabin da ke maƙwabtaka, inda akwai motsi su ƙiyasta daga layukan sama da ƙasa, mafi ƙwarewa kuma su bi sawun abin da ke motsi su gano inda ya nufa. Yves Faroudja, injiniya haifaffen Faransa da ya yi aiki a Amurka, ya yi suna a wannan fanni tun kafin faffaɗan allo ya yaɗu. A yau akwai manhajoji na kyauta, irin su yadif da QTGMC, masu yin abin da a da sai na'ura mai tsadar gaske. Duk da haka ƙiyasi ƙiyasi ne, kuma na bana ya fi na shekara goma da suka wuce kyau.

Wannan ne ya sa masana adana sauti da hoto suka tsaya a kan ƙa'ida ɗaya, watau a kwafe kaset yadda yake, da saƙarsa da jerin rabinsa, a rubuta bayanin jerin, a ajiye wannan a matsayin uwa. Warwarewa da gyaran launi da faɗaɗawa a yi su a kan kwafi na biyu wanda za a ba jama'a. In an sami dabara mafi kyau gobe, sai a koma ga uwar. Farashin wannan ƙa'ida shi ne wurin ajiya: awa ɗaya ta hoton layi 576 da ba a matse ba tana cin kimanin gigabayit 100, ko da yake tsarin FFV1, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2021, yana rage nauyin ƙwarai ba tare da zubar da kome ba. Kaset na MiniDV ya fi sauƙi, domin lambobi ne tun asali, kimanin gigabayit 13 a awa, ana iya kwashe su daidai ta wayar FireWire, sai dai kwamfutocin yanzu sun daina zuwa da mashigarta.

Ita kanta saƙar ba ta mutu da wuri ba. Ko da aka shiga zamanin hoto mai tsananin tsabta, tashoshi da yawa sun zaɓi layi 1080 mai saƙa saboda dalilin nan na 1930, watau tsimin filin zango. Sai a ƙa'idar duniya ta 2012, wadda ta tsara hoto mai ninkin wannan tsabta, aka bar saƙa gaba ɗaya, shekara 76 bayan gwajin Alexandra Palace.

Lokaci yana ƙurewa

Tef na bidiyo leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin danƙo. Danƙon nan yana shan laimar iska, ya ruɓe, tef ya yi yauƙi ya riƙa manne wa kan na'ura yana zubar da garinsa. Kuala Lumpur kuwa gari ne na zafi da ruwan sama duk shekara, inda laima ba ta sauka, fumfuna kuma tana cin kaset a cikin kabad. Masana suna iya gasa irin wannan tef a zafi na kimanin digiri 50 na sa'o'i masu yawa domin ya karantu na ɗan lokaci, amma wannan jinkiri ne kawai. Hukumomi irin su gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a watan Disamba 1957, da hukumar raya fina-finai ta FINAS, wadda aka kafa a 1981, da ita RTM, su ne ke riƙe da babban kaso na abin da gwamnati ta ɗauka. Ƙasashen yankin sun kuma kafa ƙungiyar gidajen adana sauti da hoto ta Kudu maso Gabashin Asiya da Fasifik a 1996 domin su haɗa kai a kan matsalar da yanayinsu ya sa ta fi tsanani. Kaset ɗin da ke gidajen jama'a kuwa ba shi da wata hukuma sai masu shi.

Abin da ya fi ruɓewar tef gaggawa shi ne ƙarewar na'urorin da ke karanta shi. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yuli 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar duniya ta gidajen adana sauti da hoto suka yi gargaɗi cewa wajen shekarar 2025 samun na'urori masu lafiya da kayan gyaransu zai yi wuya ƙwarai. Masu gyaran da suka san cikinsu suna tsufa, tsofaffin akwatunan gwaji masu nuna saƙa yadda take su ma an daina yin su. Ma'anar wannan ita ce, kaset da yawa sau ɗaya tak za a sake kunna su. In a wannan karon aka zubar da rabi, ko aka gauraya layuka, abin da aka samu shi ne zai zama tarihi.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba baƙo ba ne ga wannan labari. Nijeriya ta bi layi 625 da tsarin PAL kamar Malesiya, Nijar ta bi layi 625 da tsarin SECAM na Faransa, saƙar kuwa iri ɗaya ce. Wasannin kwaikwayo na gidajen telebijin na Kaduna da Kano da Sakkwato, da tafsirin malamai na watan azumi, da hawan Salla, da wasan makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, duk a irin waɗannan kaset suke. Sana'ar fim ta Kano ma a kan bidiyo ta tashi, tun daga Turmin Danya na 1990, ta bi ta VHS da MiniDV kafin ta kai ga kyamarorin yau. A Malesiya laima ce abokiyar gaba, a ƙasar Hausa zafi ne da ƙurar hunturu, amma na'urorin da ke ƙarewa guda ne.

Saboda haka wanda yake da irin wannan kaya, hukuma ce ko iyali, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya yi wa duk wanda zai kwafe masa: ko za a ajiye uwa da saƙarta ba tare da an taɓa girmanta ba, ko an tabbatar da rabin da ke fara zuwa, ko kuma kwafin kallo zai fito da hotuna 50 cikin sakan. Kada kuma a jefar da kaset don an kwafe shi, sai an zauna an kalli kwafin daga farko har ƙarshe, musamman wuraren da ake motsi da sauri, domin a nan ne aibi yake fara nuna kansa. Injiniyoyin 1930 sun raba hoto biyu ne domin ya isa gidajen mutane da ɗan filin da suke da shi, dabararsu kuma ta yi wa duniya aiki fiye da shekara 80. Aikin da ya rage ga masu tacewa na Kuala Lumpur da na Kano shi ne su miƙa rabi biyun duka ga na baya, a jere yadda aka ɗauke su.